Kwali ko Kamfani? Sharhi Kan Ɗaliban da ke Barin Jami'a Don Kafa Kamfanin Fasaha

A watan Mayun 2017 Jami'ar Harvard da ke Amurka ta sa wa Mark Zuckerberg rigar yaye ɗalibai, ta miƙa masa digirin girmamawa, fiye da shekara goma bayan ya tattara ya-nasa-ya-nasa ya bar makarantar bai kammala ba. Shekara goma kafin nan, a 2007, ta yi wa Bill Gates irin wannan karramawa. Hotunan mutanen biyu sun zama hujjar da ba ta tsufa a bakin matasa: ga waɗanda suka watsar da karatu, ga kuma jami'ar da suka bari ta dawo tana nemansu. Duk ɗalibin da wata dabarar manhaja ta faɗo masa cikin dare, aji kuma ya gundure shi, sunayen nan ne ke fara zuwa bakinsa, sai ya ƙara da Steve Jobs da Michael Dell don maganar ta yi nauyi.

Iyaye da malamai nasu karatun daban ne. A wurinsu barin jami'a sakin reshe ne a kama ganye. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, sai dai yawancin gardamar ana yin ta ne a kan labarin da aka gutsure. Idan aka bi yadda waɗannan mutane suka fita, da abin da ke hannunsu ranar da suka fita, tambayar takan canza kama.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Abin da Turawa ke kira startup ba kowace sabuwar sana'a ba ce. Wanda ya kama shago a Kantin Kwari ya zuba atamfa da shadda ya buɗe sabon kasuwanci, amma ya san kayansa, ya san masu saye, yana kuma sa ran riba tun cinikin farko. Shi kuwa startup jaririn kamfani ne da aka gina a kan dabarar da ba a gwada ba, galibi ta fasahar zamani, da burin ya bunƙasa cikin sauri har ya kai ga miliyoyin mutane. Irin wannan kamfani yakan yi shekaru yana cin kuɗi bai maido ko sisi ba.

Kuɗin da yake ci yawanci daga masu jarin kasada yake fitowa. Waɗannan ba bashi suke bayarwa ba, suna zuba kuɗi ne su karɓi wani kaso na mallakar kamfanin, wato hannun jari. Sun san da yawa daga cikin kamfanonin da suka zuba wa kuɗi za su mutu. Lissafinsu shi ne guda ɗaya ko biyu su yi girman da zai rufe asarar sauran. Nan akwai abin lura da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba: mai jari ya raba ƙafa a kamfanoni ashirin ko talatin, shi kuwa yaron da ya bar aji ƙuruciyarsa guda ɗaya ce, kuma a kamfani ɗaya ya zuba ta.

Sai kalma ta uku, wadda ita ce aka fi yi wa kwaɓa. Barin karatu daban, jingine karatu daban. Wanda ya jingine ya nemi izinin jami'a ne a rubuce, aka ajiye masa gurbinsa da makinsa, yana iya dawowa ya ɗora daga inda ya tsaya. Manyan jami'o'in Amurka irin su Harvard da Stanford suna da sassauci sosai a kan wannan.

Yadda manyan suka fita

Bill Gates ya shiga Harvard a 1973, amma ba a can ya fara taɓa kwamfuta ba. Tun 1968, yana ɗan shekara 13, makarantar kuɗi ta Lakeside da yake yi a birnin Seattle ta samar wa ɗalibanta damar amfani da kwamfuta, a zamanin da jami'o'i da dama ma ba su kai ga haka ba. Lokacin da mujallar Popular Electronics ta buga hoton ƙaramar kwamfutar Altair a fitowarta ta Janairun 1975, Gates da abokinsa Paul Allen sun riga sun yi fiye da shekara shida suna rubuta manhaja. Sun tuntuɓi kamfanin MITS mai ƙera na'urar a Albuquerque, suka rubuta mata manhajar BASIC cikin 'yan makonni, Allen ya hau jirgi ya kai, aka gwada ta yi aiki, aka ƙulla ciniki. Bayan haka ne Gates ya nemi izinin jingine karatu, ya kuma ɗan yi kai-komo tsakanin makaranta da kamfani kafin ya tare gaba ɗaya. Mahaifinsa babban lauya ne, mahaifiyarsa tana zama a kwamitocin gudanarwa na manyan kamfanoni da ƙungiyoyi. Da kamfaninsu Microsoft ya durƙushe, abin da zai same shi bai wuce ya koma aji ba.

Michael Dell ma ɗakin kwanansa na Jami'ar Texas ya riga ya zama shago, yana harhaɗa kwamfutoci yana cinikin dubun-dubatar daloli a wata, kafin ya bar karatu a 1984 yana ɗan shekara 19. Zuckerberg ya buɗe Facebook a Fabrairun 2004, cikin wata guda fiye da rabin ɗaliban digirin farko na Harvard suka shiga. Da hutu ya zo ya koma Palo Alto a jihar Kalifoniya, attajirin fasaha Peter Thiel ya zuba masa dala 500,000, kafin shekarar ta ƙare masu amfani da shafin sun kai miliyan ɗaya. Kasuwa ce ta ja su waje, ba su suka fita neman kasuwa ba.

Steve Jobs shi ma ana saka shi a wannan jeri, alhali labarinsa bai shiga ba. Ya bar kwalejin Reed bayan wata shida saboda yana ganin kuɗin makarantar na cinye ajiyar iyayen da suka riƙe shi, ya ci gaba da leƙa azuzuwan da yake so ba tare da rajista ba. Ba a kafa Apple ba sai 1976, shekaru bayan haka. Su kuwa Larry Page da Sergey Brin na Google sun kammala digirin farko har da na biyu. Digirin digirgir ne suka jingine a Stanford, kuma Google ɗin kansa daga binciken da suke yi a jami'ar ya tsiro. Jeff Bezos ya gama Princeton a 1986, ya yi shekaru yana aiki a harkar kuɗi a New York, sai da ya kai shekara 30 ya kafa Amazon.

Ko a cikin waɗanda suka kafa Facebook ba duka suka fita ba. Dustin Moskovitz ya bi Zuckerberg, Chris Hughes da Eduardo Saverin suka tsaya suka karɓi kwalinsu a 2006. Tsayawar ba kyauta ta zo ba, musamman ga Saverin, wanda nisansa da inda ake aikin ya taimaka aka zaftare kasonsa, har sai da aka kai ga kotu kafin a sasanta.

Hujjar masu cewa a fita

Masu goyon bayan fita ba mahaukata ba ne, kuma hujjarsu ta farko lokaci ce. A harkar fasaha, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ƙofar da ta buɗe wa Gates a 1975 ba za ta jira shi ya gama shekara biyun da suka rage masa ba. Irin wannan zumuɗi ya dawo tun bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, inda matasa da yawa ke ganin duk wanda bai shiga harkar ƙirƙirarriyar basira yanzu ba, zai fito ya tarar an raba gonar. Shugaban kamfanin da ya yi ChatGPT ɗin, Sam Altman, shi ma a 2005 ya bar Stanford. Kamfanin da ya fita dominsa, Loopt, bai yi wani tashe ba, aka sayar da shi a 2012 kan kusan dala miliyan 43. Amma ya buɗe masa ƙofar manyan Silicon Valley, yankin Kalifoniya da ya zama matattarar kamfanonin fasaha.

Hujja ta biyu kuɗi ce. Karatun jami'a a Amurka yana da tsada, bashin da ke kan ɗalibai da tsofaffin ɗalibai a ƙasar ya haura dala tiriliyan 1.6. Ta uku kuwa ita ce ƙuruciya lokaci ne da mutum ba shi da iyali ba shi da nauyi, zai iya kwana a tabarmar ofis ya rayu da taliya.

Babu wanda ya ɗauki wannan ra'ayi da zafi kamar Peter Thiel. A 2010 ya sanar da wani shiri na ba matasa dala 100,000 kowanne, a kan sharaɗin su ajiye jami'a na shekara biyu su gina wani abu. Shirin ya fitar da sunaye masu nauyi: Vitalik Buterin, wanda ya ƙirƙiro tsarin kuɗin intanet na Ethereum, da Dylan Field, wanda ya bar Jami'ar Brown a 2012 ya kafa Figma, kamfanin manhajar zane da Adobe ya yi tayin saye kan dala biliyan 20 a 2022 kafin cinikin ya ruguje. Masu suka, cikinsu har da tsohon shugaban Harvard Larry Summers, sun ce taimako ne da aka karkatar inda bai dace ba. Akwai kuma tambayar da ta fi wannan kaifi. Shirin yana tace dubban masu nema ya zaɓi kimanin ashirin a shekara, ya ba su kuɗi da masu ba da shawara da sunan da ke buɗe ƙofofi. Wannan ai wata jami'ar ce ta 'yan gata, wadda shigarta ta fi Harvard wuya. Shi kansa Thiel digiri biyu gare shi daga Stanford, ɗaya a falsafa ɗaya a shari'a.

Abin da alƙaluma ke nunawa

Babbar matsalar labarin masu barin makaranta ita ce waɗanda suka haye kogin kaɗai ake hira da su. Wanda ya fita, kamfanin ya mutu cikin wata goma sha takwas, ya koma gidan iyayensa ba kwali ba jari, babu mujallar da ke sa hotonsa a bango.

Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta daɗe tana nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na sababbin kasuwanci ba sa wuce shekarar farko, kusan rabi kuma ba sa kai shekara biyar. Wani bincike da Shikhar Ghosh na makarantar kasuwanci ta Harvard ya yi a kan kamfanoni kimanin 2,000 da suka samu jarin kasada ya gano cewa kusan uku cikin huɗu ba su maido wa masu jari kuɗinsu ba. Waɗannan fa su ne waɗanda suka yi sa'ar samun jarin tun farko.

Binciken da ya fi girgiza tunanin cewa fasaha ta yara ce shi ne wanda Pierre Azoulay na jami'ar MIT da abokan aikinsa suka fitar a 2018. Sun duba bayanan mutum miliyan 2.7 da suka kafa kamfanoni a Amurka, suka tarar matsakaicin shekarun mai kafa kamfani 42 ne. Da suka ware kamfanonin da suka fi kowa saurin bunƙasa, ɗaya cikin dubu, sai matsakaicin ya tashi zuwa 45. Sun kuma ga cewa wanda ya taɓa aiki a fannin da ya kafa kamfani a ciki ya fi samun nasara nesa ba kusa ba. Binciken a kan shekaru da gogewa yake, bai auna digiri kai tsaye ba. Abin da ya rusa shi ne tsoron cewa wanda ya tsaya ya gama karatu jirgi ya bar shi.

Ta fuskar albashi kuwa, alƙaluman Amurka na 2023 sun nuna mai digirin farko yana samun matsakaicin dala 1,493 a mako, wanda ya shiga jami'a bai gama ba dala 992, wanda ya tsaya a sakandare dala 899. Wato rabin digiri, a kasuwar aiki, ya fi kusa da babu. Hatta Paul Graham, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Y Combinator, cibiyar renon jariran kamfanoni da ta fi kowace suna, ya rubuta a 2014 yana ba ɗalibai shawarar kada su kafa kamfani suna jami'a, domin kamfani yakan haɗiye rayuwar mutum gaba ɗaya.

Fanni ma yana da ta cewa

Yaro mai basira zai iya koyon rubuta manhaja a ɗakinsa. Ilimin jini da magani ba haka yake ba. Elizabeth Holmes ta bar Stanford a 2004 tana shekara ta biyu, ta ce kamfaninta Theranos zai yi ɗaruruwan gwaje-gwaje da ɗigon jinin yatsa. An yi ta kwatanta ta da Steve Jobs, har baƙar riga irin tasa take sawa. Ta tara sama da dala miliyan 700, aka yi wa kamfanin ƙimar dala biliyan 9, manya irin su Henry Kissinger da George Shultz suka zauna a kwamitinsa. Na'urar dai ba ta yi abin da aka ce tana yi ba. Jaridar Wall Street Journal ta tona asirin a 2015, kamfanin ya rufe a 2018, a 2022 kotu ta same ta da laifin damfarar masu jari ta yanke mata fiye da shekara 11. Ba barin makaranta ne ya kai ta kurkuku ba, ƙarya ce. Amma labarin yarinyar da ta bar Stanford ya yi wa masu kuɗi daɗi har suka manta da tambayar da kowane malamin ɗakin gwaji zai fara yi.

Idan maganar ta iso Najeriya

Ɗalibin Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello da ke kallon Zuckerberg yana bukatar ya sake lissafin da alƙaluman gida. Hujjar bashin karatu ba ta da ƙarfi a nan, domin duk da ƙarin kuɗin rajista da jami'o'in gwamnati da dama suka yi a 2023, tsadarsu ba ta kama ƙafar ta Amurka ba. Abin da jami'ar Najeriya ke ci shi ne lokaci. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ya cinye kusan wata tara a 2020, ya sake cinye wata takwas a 2022. Matasa da yawa a irin wannan zaman jira suka koyi rubuta manhaja ko suka fara sana'a ta intanet, kuma ba abin mamaki ba ne idan wanda ya fara karɓar dala daga abokan hulɗa na waje ya ji komawa aji ya fita ransa.

A ɗaya gefen, kwali a Najeriya ya fi na Amurka nauyi. Sai da shi ake zuwa hidimar ƙasa, takardar hidimar ƙasa kuma ita ce mabuɗin aikin gwamnati da na manyan kamfanoni da yawa. Ƙasar da ministar kuɗi, Kemi Adeosun, ta ajiye muƙaminta a 2018 saboda rikicin takardar hidimar ƙasa ba ƙasar da ake wasa da takarda ba ce. Neman digiri na biyu, da tallafin karatu a waje, da irin bizar aiki ta ƙwararru da Amurka ke bayarwa, galibi duk suna tambayar digirin farko. Ga kuma gida: sau da yawa ɗalibin shi ne na farko a zuriyarsu da ya taka jami'a, da kuɗin amfanin gona ko fanshon mahaifi aka kai shi, ƙanne na jiran ya fito. Kasadar tasa ba tasa ba ce shi kaɗai.

Manyan kamfanonin fasahar da Najeriya ke alfahari da su ma ba 'yan gudun aji ne suka gina su ba. Mitchell Elegbe, wanda ya kafa Interswitch a 2002, injiniya ne daga Jami'ar Benin. Tosin Eniolorunda ya gama Jami'ar Obafemi Awolowo, ya yi shekaru yana aiki a Interswitch yana koyon cikin harkar biyan kuɗi, kafin ya kafa kamfanin da ya zama Moniepoint, mai shuɗiyar na'urar POS ɗin nan da ke kan teburin mai shayi da mai cajin waya a kusan kowace unguwa. Shola Akinlade da Ezra Olubi sun kammala Jami'ar Babcock, sun yi aiki, sannan suka kafa Paystack a 2015. Abin sha'awa, wanda ya saye Paystack a 2020 kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200 shi ne Stripe, kamfanin 'yan'uwan nan biyu 'yan ƙasar Ireland, Patrick da John Collison, waɗanda ɗaya ya bar MIT ɗaya ya bar Harvard. Su ma sun riga sun sayar da wani kamfani kan dala miliyan 5 tun 2008, kafin su ajiye karatu su kama Stripe.

Kwalin ma ba laya ba ne. Kamfanin binciken ƙwayoyin halitta na 54gene masu manyan digirori ne suka jagorance shi, ya tara kusan dala miliyan 45, ya kuma rufe a 2023. Najeriya ta yi dokar jariran kamfanoni a Oktoban 2022 don sauƙaƙa musu rajista da haraji da tallafi, amma jarin kasadan da ke shigowa ƙasar mafi yawansa a Legas yake tsayawa, ya kuma ja baya bayan 2022. Ɗalibin Kano ko Sakkwato da ya fita da fatan wani zai miƙa masa abin da Thiel ya miƙa wa Zuckerberg yana jiran motar da ba ta cika bin hanyarsa ba.

Abin da ke tsakanin fita da zama

Zaɓin ba lallai ya zama na ko dai ko dai ba. Jami'a ita ce wurin da aka fi samun abokan kafa kamfani da masu gwada kaya na farko kyauta, kamar yadda tarihin Facebook da Google ya nuna. Dogon hutu da aikin bincike na shekarar ƙarshe sun isa a gwada ko akwai mai biyan kuɗi don abin da aka ƙirƙira. Alamar da ta raba Gates da Dell da dubban da ba a san sunansu ba ita ce masu saye sun riga sun yi yawan da karatu da kamfani ba za su haɗu a rana ɗaya ba. Wanda bai kai nan ba, sau da yawa gajiya da aji ce ke damunsa ya sa mata rigar kasuwanci.

Wanda ya kai nan kuma, abu biyu ke gabansa kafin ya fita. Na farko takardar rabon mallaka tsakaninsa da abokansa. A al'adar irin waɗannan kamfanoni hannun jarin mai kafawa a hankali yake nuna, yawanci cikin shekara huɗu, wanda ya tafi kafin shekara guda ya tafi hannu rabbana. Na biyu dokar jami'arsa. Jami'o'in Najeriya suna ba da izinin jingine karatu, amma bisa dalilin da hukumar makaranta ta gamsu da shi, na ɗan lokaci ƙayyadadde, kuma akwai iyakar shekarun da ɗalibi zai yi kafin gurbinsa ya faɗi. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, tana ba mai sana'a damar karatu yana aiki, ga wanda ya ga ba zai iya zaman aji ba.

Steve Wozniak, wanda ya ƙera kwamfutar Apple ta farko da hannunsa, ya bar Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a farkon shekarun 1970. Bayan ya yi kuɗi ya koma, ya yi rajista da sunan aro don kada a gane shi, ya karɓi digirinsa a 1986. Jami'ar ta ɗora masa daga inda ya tsaya. Ɗalibin aji uku a jami'ar Najeriya da ya ɓace ba tare da takardar izini ba, idan ya waiwayo bayan shekara biyar, abin da ya fi yiwuwa ya tarar shi ne an cire sunansa, sai ya sake sayen fom ɗin JAMB ya zauna jarrabawa tare da ƙannensa.